Yadda Za A Haɗa Kwamfutocin Gida Su Ci Gajiyar Layi Ɗaya

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron wata na ƙungiya, a Agege, Legas.

   

Shugaba ya nemi in yi bayani a kan yadda ake haɗa kwamfutoci da wayoyin gida wuri guda, su riƙa shan intanet daga layi ɗaya, su kuma riƙa miƙa wa juna takardu. Dalili kuwa a fili yake. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, magidanta suke kuka. Gida ɗaya, maigida da datarsa, uwargida da tata, amarya da tata, yara 'yan makaranta kowa da tasa, ga kuma ta shago. In ka tara lissafin wata, sai ka ga kuɗin buhun shinkafa ya tafi a iska.

To, abin da ke haɗa wannan aiki wata 'yar na'ura ce da ake kira rauta. Ku ɗauke ta kamar mai masauki. Baƙo ya sauka, mai masauki ya ba shi ɗaki, saƙo ya zo daga waje, shi ya san ɗakin da zai kai. Haka rauta take ba kowace kwamfuta da kowace waya lambarta, intanet ya shigo ta wurinta, ita kuma ta raba. Mafi yawanmu irin wadda ake sa wa layin waya za mu saya, mai 4G, ko mai 5G da MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023. Akwai masu jawo wayar faiba har gida a wasu unguwanni, akwai kuma Starlink mai faranti a kan rufi, wadda ta shigo Nijeriya a Janairun 2023, amma kuɗinta sai mai ƙarfi. Kafin ka ba da ko kwabo, ari wayoyin maƙwabta ka gwada layin kowane kamfani a cikin ɗakinka, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da jama'a suka yi yawa a kai. Sannan ka tambayi mai sayarwa ko rautar a kulle take da kamfani ɗaya, ko kowane layi tana karɓa.

Wurin ajiye ta ma magana ce. Mutanenmu sukan ɓoye ta a bayan talabijin ko cikin kabad saboda yara, daga baya a ce layi ba kyau. Bangon bulo da siminti yana cinye ƙarfin Wi-Fi, haka ƙofar ƙarfe da tankin ruwa. A rataye ta sama, a tsakiyar gida. Raututocin yanzu da yawa suna fitar da zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi nisa. Mai ɗakin ƙurya sai ya kama na 2.4.

Ni dai a ra'ayina, duk kwamfutar da ba ta motsi, kamar ta shago ko ta lissafi, a ja mata waya. Wayar ita ce Cat5e ko Cat6, mai silli takwas a ciki, kuma tana aiki lafiya har mita 100, kada a wuce haka. In ramukan bayan rauta ba su isa ba, sai a ƙara wani ɗan akwati da ake kira suwic, mai rami 5 ko 8. Duk ana samunsu a Computer Village ta Ikeja ko a Alaba. Ga kuma sirrin 'yan kasuwa, kyauta na ba ku: akwai waya mai tagulla zalla, akwai ta alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama. Ka kankare silli ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki, to alminiyam ce, tana da arha amma saurin karyewa gare ta. A zura wayar cikin bututun roba saboda ɓera, kada a haɗa ta bututu ɗaya da wayar lantarki. In ta bi ta waje daga wannan gini zuwa wancan, a zare ta idan hadari ya taso, don tsawar daminar Legas kun san ta.

Wuta kuwa, rauta ba ta da ci, ba ta fi ƙaramin ƙwan lantarki ba. Akwai ɗan batir da ake yi domin ta, mai riƙe ta sa'o'i bayan an ɗauke wuta, ba sai an tada janareta ba.

Yanzu ga inda nake roƙon ku saurara da kyau, musamman masu saukar baƙi. Gidajenmu na zango ba sa rabuwa da jama'a: direbobi, masu kawo shanu, masu sarin goro, ɗan'uwa da ya zo neman biza. Kowa ya zauna, bayan gaisuwa sai ya ce, "Alhaji, mene ne lambar sirrin?" Kai kuma kunya ba za ta bari ka hana ba. To, duk wanda ka ba wannan lamba ya shigo tsakar gidanka ke nan, in kuma ba ka gyara ba, zai iya ganin abin da kwamfutarka ta buɗe wa 'yan gida. Can kuwa akwai littafin bashi, da sunan wanda ya biya da wanda ya gaza, akwai takardun banki, akwai hotunan iyali. Mutumin da ka rufa wa asiri shekara biyu, sai a wayi gari zancen bashinsa yana yawo a tashar mota.

Maganin wannan ba wuya. A ƙarƙashin rauta akwai takarda a manne mai ɗauke da adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ka rubuta shi a inda ake rubuta adireshin intanet, shafinta zai buɗe. Lambobin sirri biyu ne, kada a rikita su. Ɗaya ta shiga Wi-Fi, ɗaya ta shiga wannan shafi, kuma sau da yawa daga kamfani "admin" ce kawai, wadda kowane yaro ya sani. Ka canza duka biyun, ka zaɓi kulle irin WPA2 ko WPA3, kuma kada lambar ta zama lambar wayarka ko sunan ɗanka na fari. Sannan ka nemi wurin da aka rubuta "Guest" ka kunna. Wannan shi ne zauren baƙi. Baƙo zai sami intanet, ya kira gida, ya yi harkarsa, amma ba zai ga cikin gida ba. In za ka sayi rauta, ka tabbatar tana da shi.

Miƙa takardu tsakanin kwamfutoci masu Windows kuwa, sai dukkansu suna kan rauta ɗaya. A kowace ka sa haɗin gidan ya zama "Private", ka kunna "File and printer sharing". Ka buɗe folda guda ɗaya tak domin rabawa, ka danna ta da maɓallin dama, ka shiga "Properties", sannan "Sharing". A nan za ka zaɓi wanda zai karanta kawai da wanda zai iya gyarawa. Yaron shago karatu ya ishe shi. Kada a buɗe kwamfuta ɗungurungum, kada kuma a kashe neman lambar sirri don wai yana ba da wahala. Haka firinta ɗaya za ta wadaci gida duka. Wannan zirga-zirga ta cikin gida ba ta cin data ko kaɗan, ba ta ma bukatar intanet. Kun tuna Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, layi ya rikice kwana da kwanaki? Ko a irin wannan rana kwamfutar shago da ta ɗaki za su ci gaba da ganin juna. Sai dai a riƙa kwafe littafin lissafi a wani faifai daban duk mako, don abin da aka goge a foldar haɗaka ya gogu wa kowa.

Saura maganar kuɗi, ga masu gidan haya da ke son yin karo-karo. A zauna tun farko a rubuta nawa kowa zai kawo, ranar nawa ga wata, da wanda zai riƙe. Shafin rauta yana nuna duk na'urar da ke kai, in kun ga baƙuwa sai a cire ta a canza lamba. Abin da ke shanye data shi ne kallon bidiyo da kwamfuta mai sabunta kanta da dare, ita kuma akwai wurin da aka rubuta "Metered connection", a kunna mata shi. Har ila yau a karanta sharaɗin kamfani, domin yawancin wanda suke cewa ba ya ƙarewa, in an kai wani adadi sai su rage masa gudu har wata ya cika.

Ranka ya daɗe, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Mai tambaya sai ya ɗaga hannu.