Burin Ɗan Kasuwar Ƙauye: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Sabo, Ibadan



An ce in yi magana a kan 'yan'uwanmu na gida masu ƙananan sana'o'i a ƙauyuka, wato waɗanda ke ɗoro mana albasa da wake da tumatir da dabbobi zuwa nan Kudu. Nakan ji ana cewa wai mutumin ƙauye ba shi da buri, shekara ashirin buhu goma yake saye, buhu goma yake sayarwa. To, ni dai ban yarda ba. Mutum yakan auna burinsa ne da abin da ya ga zai iya kaiwa gare shi ba tare da ya jefa iyalinsa cikin yunwa ba.

A 1967 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, littafinta ya fito a 1972. Cikin abin da ta lura da shi har da wannan: mai hali yakan adana hatsinsa sai ya yi tsada, talaka kuwa da kaka yake sayarwa da araha don bashi da lalura, in damina ta zo ya sayo da tsada. Ku duba fa, jama'a. Wanda kowace shekara ake cin ribarsa sau biyu, yaushe zai zauna yana tunanin buɗe shago na biyu? Mai tumatir a Kadawa ma ya fi shi shiga uku, don shi kayansa ba sa jiran kowa.

Sai abin da ido ya gani. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi. Fataucin goro ne ya kai shi Kumasi da Ikko, ya ga yadda ake ciniki da manyan kamfanoni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, ta same shi a shirye. Yaron da iyakar tafiyarsa kasuwar mako ta garinsu, da wa zai gwada kansa?

Ga kuma dangi. Ran da aka ga ka sayi mota, to suna da biki da kuɗin asibiti duk ƙofarka za su biyo. Ba ƙorafi nake yi ba, don ran da ka faɗi su ne za su tashe ka. Amma shi ya sa wani in ya samu, sai ya zuba a shanu ko gona ya yi shiru, jarin sana'ar kuwa yana nan inda yake.

Banki fa? Zai nemi takardar mallakar fili, gonar gado kuwa ba ta da ita. An kafa People's Bank a 1989 don masu ƙaramin ƙarfi, a 2000 aka haɗe shi da bankin manoma. Adashi yana taimako, amma ba ya sayen tirela.

Yanzu bari in zo kanmu, a nan ne nake roƙon a yi haƙuri da ni. Tun da aka kafa Sabo a 1916, baƙo daga Arewa wurin maigida yake sauka, shi ke ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an sayi kaya bashi. Wannan amana ita ce bankin mutumin ƙauye. In ya aiko da buhu hamsin aka ce masa kasuwa ta faɗi alhali ba ta faɗi ba, ko aka riƙe kuɗinsa wata uku har lokacin sayen taki ya wuce, wallahi baɗi talatin zai aiko, mu kuma mu zauna muna cewa ba shi da buri.

Saboda haka ina roƙon shugabanni a tsayar da wa'adin biyan kuɗin kayan baƙi, a rubuta shi, a kuma naɗa dattawa uku da baƙo zai iya kai wa ƙara in wa'adin ya wuce.