AMSOSHIN TAKARDUNKU: Fiyano Ko Kibod, Wanne Zan Saya Wa Yarona?

Takardarmu ta wannan mako ta fito daga wani manomi wanda ke kawo hatsi kasuwar Kawo ta nan Kaduna kowace Talata. Ya ce ɗansa ya gama sakandare, ya dame shi yana son koyon kiɗan fiyano. Wani ya ce masa in ba babban fiyano na katako ba, yaron ba zai iya ba. Wani kuma ya ce ƙaramin na lantarki ya isa. Shi ne yake tambaya wanne ne gaskiya, kada ya zubar da kuɗin amfanin gonarsa a banza.

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai a Hausa duka biyun fiyano muke ce musu, amma ba abu ɗaya ba ne.

Fiyano na asali wani mutumin Italiya ne mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙera shi a birnin Florence wajen shekarar 1700. Na zamanin yau yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200. In ka danna maɓalli, sai wata 'yar guduma ta daki tsirkiya, sauti ya fito. In ka danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, in ka danna da ƙarfi ya ɗaga murya. Ba ya bukatar wuta ko kaɗan.

Shi kuwa kibod ba shi da tsirkiya ko ɗaya. Na'ura ce ta lantarki da aka ɗura wa muryoyin kayan kiɗa iri-iri, har da ganga da sarewa. Kamfanonin Japan irin su Yamaha da Casio ne suka baza ƙananansa a duniya tun daga 1980. Kuma shi ne wanda masu waƙoƙin finafinan Hausa na Kano suka runguma a ƙarshen shekarun 1990. Wato abin da muke kira kiɗan fiyano a gidan biki da waƙoƙin fim, kiɗan kibod ne. Saboda haka ka fara tambayar yaronka wane kiɗa ya ji ya ba shi sha'awa. Ina kyautata zaton wannan ne.

Yanzu sai mu auna su da halin da kake ciki. Na farko, nauyi. Fiyano na katako, ko da irin wanda ake jingina wa bango ne, ya kan kai kilo 200, nauyin manyan buhunan masara biyu ke nan, ga shi ba ya son jijjigar hanya. Kibod kuwa bai fi nauyin tiya biyu ba, yaro zai rungume shi a bayan babur.

Na biyu, yanayinmu. Ka san yadda fatar ganga ke saki da damina, sai an kanga ta a wuta. To haka katakon fiyano yake. Da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, sai muryar tsirkiyoyin ta karkace. Dole a nemo gwani ya saita su aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, masu wannan sana'a kuwa ba su da yawa a ƙasarmu, balle a ƙauye. Ga gara, ga ɓera. Kibod ba ya bukatar saiti. Abokan gabarsa ƙura da ruwa ne, da wutar da ta zo da ƙarfi.

Na uku, kuɗi. Ba sai na faɗa maka farashi ba, don kasuwa kullum canzawa take yi, amma tsakaninsu akwai rata mai yawa. Ga shi ba ka san ko yaron zai ɗore ba. Da sannu akan san na ƙwarai. Kada ka sayar da san noma ko irin shukarka a kan abin da ba a gwada ba.

Gaskiya babban fiyano ya fi ƙarfafa yatsu, kuma duk mai son ya yi zurfi a karatun kiɗa irin na Turai zai bukace shi nan gaba. Amma ga ɗan koyo, shawarata ita ce kibod. In za ka saya, ka kula da abu huɗu. Ya kasance yana da maɓallai 61 aƙalla, kuma manya, ba ƙananan nan na wasan yara ba. Ya kasance mai jin nauyin hannu, wato in an danna da ƙarfi muryarsa ta ƙaru. Ya kasance yana aiki da batir, don ranar da aka ɗauke wuta. Sannan a ba ka adaftarsa ta asali, don wadda ba tasa ba tana iya ƙona shi.

In na hannu ne, ka tafi da wanda ya san kan abin. A kunna shi a gabanka, a danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a saurari lasifikarsa duka biyu. Wanda ya hana ka gwadawa, bar masa kayansa.

Kai kuma yaro, in kana jina: kibod yana da wani maɓalli da zai yi ta kiɗa da kansa kana zaune. Kada ya ruɗe ka ka ɗauka ka iya. Nemi malami, ka koyi sanya yatsu da hannu biyu, rabin awa kullum bayan an taso daga gona. Da dare ka sa abin ji na kunne, kada ka hana maƙwabta barci. In ka gama ka lulluɓe shi da zane.

Malam, da fatan ka gamsu. Allah ya sa albarka a gona da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.