Takardar Masana'anta da Lambar Shasi: Hujjar Tsohuwar Mota a Baguida



A nan Baguida aka sa hannu kan yarjejeniyar 5 ga Yuli 1884, wadda Gustav Nachtigal ya kafa mulkin Jamus a Togo da ita. Garin da aka san shi da takarda guda, bai kamata a koya masa darajar takarda ba. Amma ku leƙa wuraren ajiye motocin da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Lome, inda ake ɗaukar mota zuwa Nijar da Burkina Faso da Mali. Takardar duwan da kart griz kowa na tattalinsu, domin jami'i zai tambaya a hanya. Littafin sabis da katin masana'anta kuwa, sau da yawa a shara suke ƙarewa ranar da aka wanke motar.

Kart griz sunan mai mota na yau take faɗa. Katin masana'anta shi ke faɗin yadda aka haifi motar. Ɗauki Mercedes-Benz W123, da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986. Katinta na ɗauke da lambar shasi, lambar inji, lambar fenti da ta kayan ƙari. Lome ta san wannan tambari tun zamanin Nana Benz, matan nan masu sayar da atamfa, kuma duk motar da ta saura daga cikin nasu, tarihin kasuwar ƙasar nan ce. Sai dai wa zai yarda ta su ce in babu takarda?

A cinikin shanu, bakin dillali da na maigida shi ne shaida, kuma ya wadatar, tunda saniya ba ta shekara 40. Mota tana yi. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ba ta kiran mota ta tarihi sai ta kai shekara 30, lokacin da dillalin farko wataƙila ya riga mu gidan gaskiya.

Tantancewa daga ƙarfe take farawa. A goge wurin da aka buga lambar shasi, a gwada da farantin da ke ɗakin inji, sannan a gwada da takarda. In an ga walda kewaye da lambar, ko haruffa sun sha bamban wajen zurfi, a dakata. Lamba mai gurbi 17 sai daga wajen 1981 ta zama ƙa'ida, don haka Peugeot 404 mai gajeriyar lamba ba abin zargi ba ce. A kuma tambayi inda aka haɗa motar, domin 504 ta Sochaux daban, ta kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, daban. Wanda takardarsa ta ɓata yana iya neman shaidar ƙira daga ma'ajiyar Peugeot ko ta Mercedes-Benz.

Saura ajiya. Iskar teku tana sa ƙusar maƙala takarda tsatsa har ta ci gefen shafi, gara kuma ba ta jin magiya. A cire ƙusoshin, kada a narka leda a kan asali, domin ba ta ɓantaruwa sai da tawada. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, kwafi ya zauna a mota, asalin kuma a akwatin ƙarfe a ɗaki, nesa da bango da ƙasa.