Wa Ya Rufe Wa Mai Keke Hanyar Karkara?

Lacca da aka gabatar a taron Hausawa mazauna Manchester da Birmingham

 

Maganar mai wannan lacca ɗaya ce, kuma akwai waɗanda suka gaji da jin ta a zauren nan. Garuruwan biyu suna zaune ne a bakin wasu daga cikin hanyoyin karkara mafi daɗin yawon keke a Ingila, amma sai a tarar da Bahaushen da ya shekara 20 a Cheetham Hill ko Small Heath bai taɓa ganin su ba sai ta tagar mota a kan M6. Laifin ya rabu biyu. Akwai na hukumomin da suka gyara hanyoyin suka manta da yadda marar mota zai kai gare su, akwai kuma na shugabannin al'umma da har yau suke ɗaukar hawan keke alamar rashin samu.

Ƙasar ba ta buƙatar dogon bayani. Gabas da Manchester tuddan Peak District ne, gandun ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe, a 1951. Kudu da ita shimfiɗaɗɗen filin Cheshire ne, ƙasar shanu da madara, inda hanyar keke mai tsawon mil 176 ta kewaya gundumar ta ƙananan titunan ƙauye. Mutanen Birmingham suna da tuddan Lickey da Clent a bayan gida, da lungunan Warwickshire, da gaɓar magudanan jiragen ruwa da ke fita daga tsakiyar gari su nufi Worcester da Stratford.

Wanda yake son ya gane abin da ake magana a kai ya je Monsal Trail. Tsohon layin dogo ne na jirgin Manchester zuwa Landan, an rufe shi a 1968, aka mayar da mil 8 da rabi nasa hanyar ƙafa da keke tsakanin Blackwell Mill da Bakewell. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa, hanyar a miƙe take kusan kamar tabarma, alhali duwatsu sun kewaye ta ta ko'ina. A 2011 aka buɗe ramukan da layin ya huda cikin dutse, aka sa musu fitilu. Mai keke yakan shiga ramin Headstone da zufa a jikinsa, sanyi ya buge shi nan take, ruwa na ɗiga daga sama, ƙarar tayarsa na dawo masa daga bango. Bayan kusan rabin kilomita sai ya fito kan wata doguwar gada ta 1863, kogin Wye can ƙasa, tumaki na kiwo a gangare tsakanin katangun dutse da aka jera ba siminti. Babu mota ko ɗaya. Yaro ɗan shekara bakwai yana yin wannan tafiya, kakarsa ma tana yi.

Kudu da nan akwai Tissington Trail, mil 13 daga Ashbourne zuwa Parsley Hay, inda ta haɗu da High Peak Trail mai mil 17. A riƙe sunan Ashbourne, domin a can ne hujjar wannan lacca take.

A watan Fabrairun 1894 wani matashi mai suna Tom Groom ya tara 'yan abokansa a Birmingham suka kafa ƙungiyar mahaya keke. Ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Masu karanta jaridar Clarion ne, wadda Robert Blatchford ya kafa a Manchester a 1891 don ma'aikata, kuma sunanta suka ba ƙungiyar. Kafin shekara ta zagayo an sami irinta a wasu garuruwan masana'antu, sai aka yanke shawarar a haɗu a hutun Ista na 1895 a wani gari da ke tsakiya. Ashbourne aka zaɓa, mil 40 da ɗoriya daga Birmingham, kusan haka daga Manchester. A can aka kafa ƙungiyar Clarion ta ƙasa baki ɗaya, wadda har yau tana raye.

A duba halin da waɗannan mutane suke ciki. Suna aikin masaƙa da maƙera kwana biyar da rabi a mako, a cikin hayaƙin gawayi, a gidajen da aka gina baya da baya. Keken da suka hau sabon abu ne: a 1885 John Kemp Starley ya fito da Rover a Coventry, mai tayoyi biyu daidai da sarƙa, irin wanda kowa ya sani yau, kuma sai a 1888 Dunlop ya kawo tayar iska. Yawancinsu ba su da giya, titunan ba kwalta. Duk da haka ranar Asabar da rana suna tashi daga aiki su nufi karkara. Ba su tsaya jiran gwamnati ba. A 1897 mutanen Manchester suka yi karo-karo suka kama gida a Bucklow Hill cikin Cheshire, inda mai keke zai sha shayi ya kwana da araha. Mata suna cikin tafiyar tun da wuri. Sylvia da Christabel Pankhurst, waɗanda duniya ta sani da fafutukar ƙuri'ar mata, da 'yan Clarion na Manchester suka riƙa fita yawo suna 'yan mata. A 1936 membobin ƙungiyar sun haura 8,000. Har gobe akwai wani ɗan gidan Clarion kusa da tudun Pendle, an gina shi a 1912, ana buɗe shi duk Lahadi ana sayar wa mahaya keke shayi.

Daga irin wannan tarbiyya ce matasan Manchester suka hau tudun Kinder Scout ranar 24 ga Afrilu, 1932, ƙarƙashin Benny Rothman, suka taka ƙasar da masu farautar tsuntsaye suka killace. An ɗaure biyar daga cikinsu. Rothman kansa ɗan baƙi ne, iyayensa Yahudawa ne daga Romaniya, a Cheetham ya tashi, unguwar da wasu daga cikin masu sauraro suke biyan haya yau, kuma a kan keke ya fara sanin Peak District. Saboda haka duk wanda ya ce karkarar Ingila ta Turawa masu hali ce, bai san tarihin unguwarsa ba. Talakawan garuruwan nan biyu ne suka buɗe ta, wasunsu ma baƙi ne.

Shi kuwa Bahaushe ba baƙon keke ba ne, ballantana keken wannan yanki. Hercules a Aston aka ƙera shi, Phillips a Smethwick, Raleigh a Nottingham, kuma su ne suka cika titunan Kano da Zariya da Katsina kafin zuwan acaɓa. Malamin makaranta, ma'aikacin En'e, ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye da buhu a bayan sirdi, duk a kansu suka yi rayuwa, kuma ana ganin girmansu. Rabin mazan da ke zauren nan a keken haya suka koya, suna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda don ba su kai sirdi ba. To yaushe abin ya zama abin kunya? Yau idan an ga ɗan Arewa a kan keke a Manchester, mafi yawa da jakar kai abinci a bayansa, yana neman na haya. Sana'a ce ta halal, Allah ya sa albarka. Sai dai wannan matashi da ke taka feda sa'o'i a cikin hayaƙin motoci ba wanda ya taɓa gaya masa cewa Middlewood Way tana nan daga Marple zuwa Macclesfield, kusan mil 11 ba mota.

Yanzu ga hukumomi. Ba za a ce ba su yi komai ba. An naɗa Chris Boardman kwamishinan keke da tafiyar ƙafa na yankin Manchester a 2017, a 2018 aka sanar da shirin hanyoyin keke da ƙafa da ya zama Bee Network. Birmingham ta raba dubban kekuna kyauta tun daga 2015 a unguwannin marasa ƙarfi. Madalla. Amma hankalinsu duka yana kan mai zuwa aiki da dawowa, kamar ɗan Adam ba shi da ranar hutu. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan gida huɗu cikin goma a Manchester ba su da mota, a Birmingham kusan ɗaya cikin uku. Mutumin irin wannan gida ya ɗauki iyalinsa ya nufi tashar Piccadilly don ya hau jirgin Buxton, tafiyar kusan awa ɗaya, sai ya tarar ƙa'idar jirgin keke biyu ce. Uba da uwa da yara biyu, wa za a bari a tasha? In ma ya isa Buxton, tsakaninsa da bakin Monsal Trail akwai kimanin mil 3, kuma hanyar da ta fi miƙewa ita ce A6, titi mai kwana-kwana da manyan motocin dutse ke bi. Ashbourne kuwa ba ta da jirgi sam, domin layinta ne aka mayar hanyar keken. Sakamakon shi ne hanyar da aka yi don a huta da mota, sai mai mota ke iya zuwa, da kekuna ɗaure a bayanta.

Ba abu ne da ya gagara ba. A 2021 kamfanin jiragen Scotland ya gyara tsofaffin tarago ya mai da su masu ɗaukar keke 20 a layin Glasgow zuwa Oban. Abin da ya yiwu a can ba zai gagari Buxton da Stratford ba.

Likitocin da ke zauren nan sun fi mai magana sanin dalilin da ya sa abin ya dame shi. Baƙar fata ɗan asalin Afirka ya ninka Bature sau biyu zuwa huɗu a haɗarin kamuwa da ciwon suga, kuma yana fara shiga haɗarin tun yana shekara 25, alhali Bature sai 40. Binciken Jami'ar Glasgow da aka buga a 2017, wanda ya bi mutane fiye da 260,000, ya gano masu zuwa aiki a kan keke sun fi sauran tsira daga mutuwar wuri da kashi 41 cikin 100. Amma babu dattijon da zai fara koyon hawa a tsakiyar Stratford Road. A hanyar da ba mota ake farawa, ranar hutu, cikin 'yan uwa.

Uzurorin an san su. Ruwan sama: akwai rigar ruwa, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Rashin lokaci: wanda ya sami sa'o'i shida na walimar suna yana da lokaci. Batun mata da sutura, matan ƙungiyar Saheli Hub a Balsall Heath sun daɗe da amsa shi. Da hijabinsu suke koyon keke, suke kuma koyar da wasu. Salla ba ta hana tafiya, ƙaramar darduma tana shiga jaka. Wariya tana nan, ba a musu. Lokacin da ƙungiyar Muslim Hikers, wadda Haroon Mota na Coventry ya kafa, ta hau tudun Mam Tor ranar Kirsimetin 2021, an yi musu ruwan zagi a kafafen sada zumunta. Ba su fasa ba, tafiye-tafiyensu ma sai ƙara cika suka yi.

Uzuri ɗaya ne ke da nauyi, shi ne haɗari. Alƙaluman ma'aikatar sufuri suna nuna fiye da rabin masu keken da ke mutuwa a titunan Birtaniya a titunan karkara suke mutuwa, inda doka ta yarda mota ta yi gudun mil 60 a lungun da ba ya ɗaukar mota biyu. Gyaran dokar hanya na Janairun 2022 ya ce direba ya bar wa mai keke aƙalla mita ɗaya da rabi, amma ba kowane direba ya karanta ba. Wannan ba dalilin zama a gida ba ne, dalili ne na a fara da tsofaffin layukan dogo, a kuma matsa wa ƙananan hukumomi su yi amfani da ikon da dokar sufuri ta 2000 ta ba su na ayyana wasu lunguna a matsayin hanyoyin natsuwa, su kuma rage gudun mota a kansu.

Abin da mai wannan lacca yake nema bai canza ba. Kansiloli da 'yan majalisar da ke zuwa masallatai neman ƙuri'a a tare su da maganar taragon kekuna a ƙarshen mako, da hanyar da za ta haɗa tashar Buxton da Monsal Trail ba tare da an bi A6 ba. Wannan na hannun wasu ne, zai ɗauki lokaci. Na hannun al'umma kuwa ba ya jiran kowa. Kuɗin da ƙungiyoyi ke zubawa a hayar zaure da girkin taro guda ya isa ya sayi kekuna na hannu da dama, a ajiye su a harabar masallaci, a samu matashi ɗaya a koya masa faci da gyaran birki. Kuma motar da ake haya duk bazara a kai yara Blackpool su ci alewa su dawo, a juya kanta sau ɗaya zuwa Ashbourne. Akwai wurin hayar keke a bakin Tissington Trail, akwai wani a Parsley Hay, ba sai kowa ya zo da nasa ba.

Shugabannin ƙungiyoyin biyu suna zaune a sahun gaba. Jama'a, kada a bar su su fita daga zauren nan sai sun sa rana: mutanen Birmingham su taso daga kudu, na Manchester daga arewa, a haɗu a Ashbourne ranar wata Asabar bayan Ƙaramar Salla, da mata da yara da dattawa.