TSUFA DA MAGANIN DA AKE CEWA YANA MAYAR DA ƘURUCIYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana Musulmi mazauna Fagge, tambaya ta yawaita daga iyayenmu mata game da ƙwayoyin da ake cewa suna mayar wa tsohuwa ƙuruciyarta. Allah (SWT) ya bayyana a Suratur Rum, aya ta 54, cewa ƙarshen ƙarfin ɗan Adam rauni ne da furfura. Kuma a hadisin Usama bin Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, an umurce mu da neman magani, aka kuma togace abu guda wanda ba shi da magani, shi ne tsufa.

Haƙiƙanin lamarin shi ne, idan mace ta kai wajen shekara 50 jikinta yakan rage samar da wani sinadari mai suna istirojin, sai haila ta ɗauke. Wasu matan sukan sha wahalar zafi mai taso musu farat ɗaya, da gumin dare, da rashin barci, da raunin ƙashi. Likita yakan mayar wa irin wannan mace abin da ya ragu. Wannan neman magani ne, kuma halal ne.

Inda aka kauce hanya shi ne lokacin da aka mayar da shi haja. A 1966 wani likitan Amurka, Robert Wilson, ya wallafa littafi yana ɗaukar ɗaukewar haila a matsayin cuta, mata miliyoyi suka rungumi ƙwayar. A 1975 aka gano cewa istirojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. A 2002 kuma aka tsayar da wani babban bincike a kan mata sama da 16,000, saboda an ga ƙaruwar sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Daga baya likitoci suka tantance cewa amfaninsa ya fi rinjaye ga mace mai wahala wadda ba ta kai 60 ba, matuƙar an auna lafiyarta tukuna. Ga masu tambayar tsarki: tsohuwar ƙwayar Premarin daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace ta, alhali a mashhurin Malikiyya fitsarin doki najasa ne; amma akwai waɗanda ake haɗawa daga waken suya, sai a nemi likita ya rubuta su.

To, ina awo a kantin da ba a tambayar takarda? Mun san yadda Sabon Gari ta shahara da cinikin magani, har a 2024 hukumomi suka rufe shaguna suka umurci dillalai da komawa Dangwauro. Sauya wuri bai sauya halin mai saye ba. Baiwar Allah takan aiki yaro da kwalin da ƙawarta ta ba ta, ba don ciwo ba, sai don tsoron kishiya. A nan laifin namu ne mu maza, da muka sa uwar 'ya'yanmu take jin kunyar shekarunta. Mu ma ba mu tsira ba: allurar sinadarin maza da ake yi don ƙarin kuzari takan kaurara jini, ta kuma rage ƙwayoyin haihuwa.

Mas'ala mafi nauyi ita ce ta jini. Matar da haila ta ɗauke mata shekara guda, sannan ta sake ganin jini, takan zo wa malami tana tambayar hukuncin sallarta. Malaman Malikiyya sun ce tsakanin 50 da 70 a tambayi mata masana, bayan 70 kuwa ba haila ba ne. Amma, ya kai malami, kada ka tsaya a kan fatawa. Wannan jinin yana iya zama alamar farko ta sankarar mahaifa, wadda ake warkewa idan an gano ta da wuri. Ka ba ta hukuncin sallah, sannan ka ce wa mijinta ko ɗanta ya kai ta Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a cikin makon, ta tafi da kwalin abin da take sha.

Wallahu a'alam.