Jawabi Kan Jarida Da Yajin Aikin 1945

'Yan'uwana mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, ina so in tuna muku abin da jarida ta yi a yajin aikin 1945.

Cikin watan Yuni na wannan shekara ma'aikatan reluwe da na gidan waya da sauran ma'aikatan Gwamnati suka ajiye aiki, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, Michael Imoudu na kan gaba. Rediyo a lokacin tana hannun Turawa. Saboda haka jaridun Azikiwe guda biyu, West African Pilot da Daily Comet, su suka zama bakin ma'aikata. Wanda ya iya karatu ya saya, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Da Gwamnati ta ga haka, sai ta hana buga su cikin Yuli. Amma ta makara, don magana zarar bunu ce. Ma'aikata ba su koma ba sai bayan kwana 44.

Inda abin ya shafe mu kuwa, a 1949 aka mayar da Comet Kano. Da aka kafa NEPU a 1950, a shafukanta talakawa suka sami wurin kai kukansu kan zaluncin En'e.