Jawabi A Kan Turmin Shekara Shida Da Haƙoran Yara

Ya ku malamai da almajirai da kuka taru a nan Unguwar Romi, kudu da kogin Kaduna. Ni ba likita ba ne, mai karantar da yara ne kamarku. Abin da ya sa na miƙe yau, wani kuskure ne da na yi a gidana, ba na so waninku ya maimaita shi.

Jikata tana da shekara 8 sa'ad da ta fara kukan haƙori da dare. Na buɗe bakinta na ga kogo baƙi a turmi na can ƙurya, sai na ce da uwarta, ki bar shi, ai na yarinta ne, in ta yi famfara wani zai fito. Muka yi ta sa mata kanumfari da ruwan gishiri har wata 4. Ranar da kumatu ya kumbura muka kai ta asibiti a cikin gari, likita ya duba, ya ce, Malam, wannan ba ya famfara, kuma ya wuce gyara. Aka cire shi ina tsaye.

To, ku sani, haƙoran yarinta 20 ne, suna fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Na manya kuwa 32 ne. Amma ga inda ake ruɗuwa: turame huɗu na farko cikin na manya suna fitowa ne wajen shekara 6, biyu sama biyu ƙasa, a bayan na yarinta duka, ba tare da wani ya faɗi ya ba su wuri ba. Don haka iyaye ba su lura da zuwansu, suna ƙirga su cikin masu tafiya, alhali kuwa su ne za su yi wa mutum tauna har tsufa. Kuma sun zo daidai lokacin da yaro ya fara riƙe kuɗin tara yana tsayawa gaban mai tebur.

Na yarintar ma ba abin yarwa ba ne. Su ke riƙe wa na manya wuri, in an cire ɗaya tun lokacinsa bai yi ba, na gefe su matso, na ƙarƙashi ya fito a karkace. Yaron da ke jin zafin tauna kuwa ba ya cin abinci sosai, ba ya barci, da safe ka gan shi yana gyangyaɗi kan allo ka ɗauka lalaci ne.

Mun taso muna ji ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu wata tsutsa. A shekarar 1890 wani likitan haƙori mutumin Amurka mai suna Miller, wanda ya zauna a Jamus, ya bayyana yadda abin yake. Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Idan sukari ya shiga baki su ci, sa'an nan su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne ke narkar da farin ɓawon haƙori kaɗan kaɗan har ya huje. Yawu shi ke wanke tsamin ya mayar wa haƙori abin da ya rasa, amma sai an ba shi kamar rabin sa'a ko fi.

Daga nan za ku gane cewa yawan maimaitawa ya fi yawan ci ɓarna. An jarraba wannan a ƙasar Suwidin daga 1945, a wani asibiti da ake kira Vipeholm, inda aka yi shekaru ana ba masu taɓin hankali alawa mai danƙo tsakanin abinci da abinci. Zalunci ne, ban yaba ba, gama ba a nemi yardarsu ba. Amma abin da ya fito fili shi ne, waɗanda suka sha zaƙi tare da abinci haƙoransu ba su lalace kamar na masu tsotsa dukan yini ba. Yaron da aka ba alawa 5 ya shanye bayan tuwo ya fi wanda ke jefa ɗaya a baki kowace sa'a samun sauƙi. Haka minti, da cingam, da tuwon madara, da biskit, da lemon kwalba. Mafi muni duka shi ne a kwantar da jariri da fida cike da shayi mai sukari, domin yawu yana ƙaranci cikin barci, haƙoran gaba su kwana cikin zaƙi.

Maganar asuwaki kuwa, ba ni zan koya muku ba, ko ɗalibin da ya fara Ahalari ya same shi cikin mustahabban alwala. Abin da na gani shi ne muna riƙe shi ga kanmu, mu bar yara. Malam yana goge nasa sau biyar a yini, ɗansa mai shekara 5 ba wanda ya taɓa leƙa bakinsa. Kuma da yawa cikinmu haƙoran gaba kaɗai muke gogewa, waɗanda mutane ke gani, ɓarnar kuwa a ƙurya take. Likitoci sun ce a haɗa da man goge baki mai sinadarin fulorayid, wanda ke ƙarfafa ɓawon nan, sau biyu a yini, ɗaya lalle kafin barci. Ga wanda bai kai shekara 3 ba, gwargwadon ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, gwargwadon ƙwayar wake. Ya tofar, kada ya kurkure da ruwa mai yawa. Babba ne zai riƙe buroshin har yaro ya kai shekara 7 ko 8, gama hannunsa bai iya kaiwa can baya ba.

Wani abu kuma, ku faɗa wa iyalanku. Idan jariri ya yi zawo ko zazzaɓi mai zafi, kada a ce haƙori ne a zauna, ko a tafi kemis neman maganin haƙori. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani irin wannan magani mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara 84 a ƙasar nan, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. In kuwa kun ga dasashin yaro yana jini yana wari, musamman bayan ƙyanda ko rama, ku kai shi asibiti a ranar, domin da haka ciwon noma ke farawa, mai cin fuska cikin 'yan kwanaki, wanda aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999.

Roƙona gare ku, gobe da safe kafin a wanke alluna, kowane malami ya jera yaransa masu shekara 6 zuwa 8 a wurin haske, su buɗe baki, ya ƙirga daga haƙorin tsakiya zuwa baya. Na shida shi ne turmin da nake faɗa. Wanda aka ga baƙi ko rami a nasa, a aika wa ubansa tun ana iya cike shi.